Littafin Mai na Sallau Direba

Ranar da aka kawo ta ofishin dabbobi na Daura
dillali ya daki ƙirjinta da tafin hannu,
ya ce zuciya biyu gare ta, ta fetur da ta batir,
lita guda kilomita ashirin, ko gaban alƙali.
Na ce madalla. Na tsallaka titi
na sayi littafi mai layi da biro ja,
don ni an taɓa sayar mini da akuya
a kan uku-uku take haihuwa.

Cikin gari ba ni da ta cewa.
Daga tasha zuwa asibiti sai ta ɗauke numfashi,
ta riƙa sulalewa kamar mai tsoron tada jinjiri,
kaji ba sa gusawa sai na danna oda.
Wata tsohuwa mai daddawa ta leƙo, ta ce,
yaro, turo ta ake yi?
In na taka burki sai ta tsince abin da ya zube
ta mayar cikin batir,
yadda innata ke bin tsabar gero a bakin turmi.
Ran nan na rubuta sha takwas, na ja layi biyu.

Kan kwalta zuwa Zango, sha huɗu,
Dakta Zulai a gefe, sanyi a kunne,
akwatin allurar shanu a baya, shi da ba ya shiri da zafi.

Bayan Baure kwalta ta ce mana sai wata rana.
Ruwa ya kwana yana zuba, burtali ya dame kamar kunu.
Na saka taya huɗu.
Injin ya farka da gurnani, bai sake runtsawa ba,
batir ya naɗe hannu ya zama fasinja.
Muka ratsa fadama, muka faɗa rairayin rafi,
tayoyi na haƙa, allura na sunkuyawa.
Da safe allon gabana ya ce saura ɗari shida.
Kafin azahar, ɗari ɗaya kawai muka ci,
ya ce saura ɗari biyu da talatin.
Ina sauran? in ji Dakta.
Na ce taɓo ya karɓi zakkarsa.

Ba ƙarya ta yi ba, na daɗe ina tunani.
Da hanyar jiya take auna ta yau.
Ni ma haka nake lissafin albashi ranar ɗaya ga wata.

A rugar Arɗo Bammi shanu ɗari biyu suka sha allura.
Aka ba mu kindirmo a ƙwarya,
ita ba a ba ta komai ba.
Na jingina da ita na rubuta bakwai.
Biron ma sai da ya yi gardama.

Magariba ta same mu da jar fitila a allo.
Talle ɗan bumburutu, galan huɗu kan benci,
ya faɗi farashi yana kallon ƙasa.
Na shimfiɗa hankici a bakin mazurari,
na tace mata kamar mai jinya.
Da muka hau kwalta ta sake yin shiru,
kamar ba ita ta wuni tana kwankwaɗa ba.

Ƙarshen wata na haɗa, na raba: sha ɗaya.
Tsohuwar a-kori-kurarmu shida take ba ni,
har da hayaƙi kyauta.
To, ban raina ba.
Amma duk abin da allo ya faɗa
ina raba shi biyu inda kwalta ta ƙare,
ga jarka ɗaure a baya da igiyar kaba.

Jiya dillali ya bugo, wai yaya mota.
Na ce ranar Laraba za mu koma Baure,
akwai wuri kusa da akwatin allura,
ya zo da takalmin roba.